Kisan Ƙare Dangi A Ajin Ƙaramar Sakandare: A Koyar Da Shi, Amma Kada A Mayar Da Shi Muhawara

A shekarar 2014, a garin Rialto na jihar Kalifoniya da ke Amurka, an ba ɗaliban aji takwas, yara 'yan shekara 13 zuwa 14, wani aikin rubutu. Aka raba musu takardu, aka ce su karanta su kawo hujja: shin kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa ya faru da gaske, ko labari ne da aka shirya don neman kuɗi da jan tausayi? Cikin takardun har da wadda aka ciro daga shafin masu musun faruwar abin. Yara kusan 2,000 ne aka ba aikin, wasu kuwa suka zauna suka rubuta cewa sun gamsu ƙarya ce. Da maganar ta fito fili hukumar makarantun ta nemi afuwa, aka janye aikin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka shirya aikin sun ɗauka alheri suke yi. A ganinsu suna koya wa yara tunani ne, da sauraron kowane ɓangare. Duk lokacin da irin wannan ta faru kuma, amsa iri biyu ake ji. Wasu su ce a cire batun daga manhaja gaba ɗaya, yara sun yi ƙanƙanta. Wasu su ce a bar shi, amma a ba kowane ɓangare dama daidai wa daida.

Ban yarda da ko ɗaya ba. Ya kamata a koyar da kisan ƙare dangi a ƙaramar sakandare, ga yara 'yan shekara 11 zuwa 14. Abin da za a fi ba ƙarfi shi ne hanyar da al'umma ke bi har ta kai ga kisan, domin nan ne ɗan'adam ke da sauran zaɓi. Sauraron mabambantan ra'ayoyi kuwa yana nufin a ji daga bakin mutane da yawa da suka tsaya a wurare daban-daban lokacin da abu ɗaya ya faru. Ko ya faru ko bai faru ba, wannan ba ya cikin abin da za a ƙaɗa wa ƙuri'a a aji.

“Ai yara ne”

Wannan ce hujjar da iyaye suka fi kawowa, kuma tana da gaskiya a ciki, zan dawo kanta. Amma a fara duba wane ne ɗan shekara 12. Shekarun da yaro ke fara neman gungun da zai shiga ke nan, yana raɗa wa wasu suna, yana koyon barkwancin da ke ware wani. Shekarun ne kuma da kalmar “ba a yi adalci ba” ba ta barin bakinsa. Abu biyun nan tare suke tashi, kuma darasin nan a tsakaninsu yake aiki.

Masu shuka ƙiyayya ba su taɓa jiran yaro ya cika 18 ba. A Jamus ta Hitila, ɗan shekara 10 ake ɗauka a sa shi a reshen yara na ƙungiyar matasan jam'iyya. Littattafan lissafi na makaranta suna ɗauke da tambayoyin da ke sa yaro ya ƙirga nawa gwamnati ke kashewa a kan naƙasasshe ko mai taɓin hankali, da gidaje nawa za a gina da kuɗin. A Kambodiya, samari ƙanana 'yan Khmer Rouge, ƙungiyar da ta mulki ƙasar daga 1975 zuwa 1979, suka riƙa ɗauka su yi gadin gidajen yari. Yau kuma wayar da ke aljihun yaro tana kawo masa bidiyon yaƙi da saƙon zagin wata ƙabila ba tare da neman izinin kowa ba. Idan makaranta ta yi shiru, yaron zai ji dai, sai dai daga bakin wanda bai damu da gaskiya ba.

Inda masu wannan hujja suka yi daidai shi ne batun hotuna. Hoton gawarwaki a jibge ba shi da gurbi a ajin 'yan shekara 12. Yaron da aka firgita ko dai ya rufe zuciyarsa ya daina saurare, ko ya fashe da dariyar da ba ta jin daɗi ba ce, ko ya kwana yana mafarki. Ban da haka, da yawa daga cikin hotunan nan makasan ne da kansu suka ɗauka, sun ɗauka ne don wulaƙanta mutanen. Malamin da ya haska su a allo ya sa yara suna kallon mamatan da idon wanda ya kashe su.

Hotunan da suka fi amfani su ne na kafin bala'in: biki, 'yan ƙwallo a jere, ɗalibai a gaban makarantarsu, tela a bakin kekensa. Yaro zai ga mutane, sannan idan aka ce masa Yahudawa miliyan shida 'yan Nazi suka kashe, kusan miliyan ɗaya da rabi yara ne, lissafin zai samu fuskar da zai manne a kai.

A fara da ma'anar kalmar

Darasin farko ya tafi a kan ma'ana, domin kalmar ta zama abin jifa a bakin kowa. Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Polan, Raphael Lemkin, shi ya ƙirƙiro wa laifin suna a 1944, bayan ya lura cewa doka na hukunta wanda ya kashe mutum ɗaya amma ba ta da ko suna ga wanda ya nufi shafe al'umma. Ranar 9 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi da hukunta shi.

Yarjejeniyar ta lissafa ayyuka biyar: kashe 'yan wata al'umma, yi musu mummunan lahani a jiki ko a ƙwaƙwalwa, jefa su da gangan cikin halin rayuwar da zai hallaka su, hana su haihuwa, da ƙwace 'ya'yansu da ƙarfi a mayar da su cikin wata al'umma. Kowanne daga cikinsu yana zama kisan ƙare dangi idan an yi shi da niyyar shafe wata al'umma, duka ko wani ɓangare, saboda ƙasarta, ƙabilarta, launinta ko addininta.

Malami ya rubuta biyar ɗin nan a allo, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar niyya. Na ƙarshen ne yakan ba yara mamaki: yaya za a ce kisan ƙare dangi alhali ba a kashe yaran ba? Wannan tambayar kaɗai ta isa ta cinye minti goma sha biyar, kuma ta cancanta, domin a nan ne suke gane cewa abin da ake son shafewa shi ne wanzuwar al'ummar kanta.

A kuma faɗa musu iyakar ma'anar. Ba ta haɗa da waɗanda aka kashe saboda siyasa ba. Shi ya sa a Kambodiya, inda mutane kusan miliyan 1.7 suka mutu tsakanin 1975 da 1979, hukuncin kisan ƙare dangi da kotu ta yanke a 2018 ya tsaya ne a kan abin da aka yi wa 'yan asalin Biyetnam da Musulmin ƙabilar Cham. Sauran ta'asar an hukunta ta ne a matsayin laifukan cin zarafin bil'adama. Yaro ya san cewa rashin wannan suna ba ya rage wa wani kisa muni ko kaɗan. Suna ne na shari'a mai sharuɗɗansa.

Hanyar ce darasin

A nan ya kamata rabin lokacin ya tafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara labari daga Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, ko daga ranar 7 ga Afrilu 1994 da aka fara kisa a Ruwanda. Yaron da aka fara masa daga nan zai ɗauka wasu mahaukata ne suka wayi gari suka ɗauki makami, kuma tunda shi ba mahaukaci ba ne, babu ruwansa da labarin.

A ba shi labarin daga kan bencin makaranta. Hitila ya hau mulki a Janairu 1933. A ranar 1 ga Afrilu aka yi kira a ƙaurace wa shagunan Yahudawa. A cikin watan aka yi dokar taƙaita yawan 'ya'yansu a makarantu. A Satumba 1935 dokokin Nuremberg suka ƙwace musu matsayin cikakkun 'yan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. Daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙona wuraren ibadarsu, aka farfasa shagunansu, 'yan kwanaki bayan nan aka kori 'ya'yansu daga makarantun gwamnati gaba ɗaya. Sai a Satumba 1941 aka tilasta musu maƙala tauraro mai launin rawaya a riga a cikin Jamus. Shekara takwas ke nan ana tafiya taki-taki, kuma a kowane taki akwai malamin da ya soke suna daga rajista, da ɗalibin da ya ga kujerar kusa da shi ba kowa bai tambaya ba.

Ruwanda ma haka. Tun a shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka na Beljiyam suka sa a riƙa rubuta ƙabilar mutum a katin shaidarsa: Hutu, Tutsi ko Twa. Shekara sittin bayan nan, katin nan ne aka riƙa tambaya a shingayen kan hanya. A 1990 jaridar Kangura ta buga wasu dokoki goma da ke kiran duk Bahutun da ya auri Batutsa ko ya yi kasuwanci da Batutsi maci amana. A 1993 aka buɗe gidan rediyon RTLM, mai kiɗa da raha, wanda matasa ke so, yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai. Da aka harbo jirgin shugaba Habyarimana ranar 6 ga Afrilu 1994, an riga an gama share fage. Cikin kwana ɗari aka kashe mutane kusan 800,000, galibinsu 'yan Tutsi, a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, gwamnatin Ruwanda kuma ta ce sun haura miliyan.

Ga aikin aji da ke fitar da wannan. Malami ya rubuta abubuwa goma sha biyu zuwa goma sha biyar a kan ƙananan katuna, kowanne da shekararsa a baya. Ya raba ajin gida-gida, mutum huɗu ko biyar. Su jera katunan yadda suke zaton abin ya faru, sannan su juya su duba. Bayan nan kowane gida ya ɗauki kati ɗaya ya amsa tambaya uku: su wa suka aiwatar da wannan matakin, su wa suka gani, kuma me wanda ya ƙi zai rasa a wannan lokacin? Da kansu za su gano cewa a 1933 farashin ƙin yarda shi ne zunɗe ko rasa aiki, a 1942 kuwa rai ne. Ba sai malami ya yi wa'azi a kai ba.

Akwai jerin matakai goma da masanin nan Gregory Stanton ya tsara, daga rarraba mutane gida biyu, zuwa laƙaba musu alama, zuwa cire su daga sahun 'yan'adam, har zuwa kisa da musun kisa. Yana da amfani, amma da sharaɗi. A gaya wa yara matakan suna shiga juna, kuma hawa na farko ba ya tilasta hawa na goma. In ba haka ba za su koma gida suna ganin kowace tsokana a filin wasa kisan kiyashi ce ke tafe, wanda ba gaskiya ba ne, kuma yana rage wa darasin nauyi.

A nan ne ya dace haƙƙin ɗan'adam ya shigo. Kwana ɗaya tak bayan yarjejeniyar kisan ƙare dangi, ranar 10 ga Disamba 1948, aka amince da kundin haƙƙoƙin ɗan'adam mai sashe 30. Sau da yawa ana sa yara haddace shi kamar jadawalin lissafi, su manta bayan jarrabawa. Maimakon haka a ba su kundin su ɗora shi a kan katunan nan. Ƙwace zama ɗan ƙasa ya faɗa kan sashe na 15, hana aure kan na 16, ƙwace dukiya kan na 17, kora daga makaranta kan na 26, killace mutane a unguwa kan na 13. Sai su ga cewa waɗanda suka rubuta kundin ba daga sama suka tsinto shi ba, abin da suka gani da idonsu shekaru kaɗan baya suke toshewa ƙofa bayan ƙofa. Za su kuma lura cewa haƙƙin rayuwa da ke sashe na 3 shi ne na ƙarshen tafiya, bayan an gama cinye sauran.

Mene ne mabambantan ra'ayoyi?

Malami ya raba tambayoyi gida biyu kafin ya shiga aji. Akwai waɗanda hujja ta rufe. An kashe Musulmin Bosniya maza da samari fiye da 8,000 a Srebrenica a Yuli 1995. An tono ramukan, an gane kusan 7,000 daga cikinsu ta gwajin ƙwayoyin halitta, kotun duniya ta kira abin kisan ƙare dangi a 2007. Babu ɓangare na biyu a nan.

Akwai kuma tambayoyin da ke buɗe, suna da yawa, kuma sun fi daɗin tattaunawa. Me ya sa maƙwabci ya ɗauki adda a kan maƙwabcinsa, tsoro ne, kwaɗayin gona ne, ko biyayya ga na sama? Da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya 'yan ƙasar Holan da ke Srebrenica sun tsaya, me zai faru? Me ya sa Kwamitin Sulhu ya rage dakarunsa a Ruwanda zuwa mutum 270 ana tsakiyar kisa? Kotunan gargajiya na gacaca a Ruwanda, da suka saurari ƙararraki kusan miliyan biyu zuwa 2012, adalci suka yi ko sasanci? Wa ya fi laifi, mai makirufo ko mai adda? Kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Arusha ta ɗaure masu gidan rediyon RTLM da mai jaridar Kangura a 2003, kuma yara za su iya shafe darasi guda suna gardama mai ma'ana a kan dalili.

Bambancin ra'ayi na gaskiya yana fitowa ne daga bambancin wurin tsayuwa. A kan rana ɗaya a kawo wa yara gajerun rubuce-rubuce huɗu ko biyar, kowanne bai wuce rabin shafi ba: shaidar wanda ya tsira, furucin wanda ya yi kisa a gaban kotu, maganar wanda ya gani ya rufe taga, ta wanda ya ɓoye wani a ɗakinsa, da saƙon jami'in wata ƙasa da ya samu labari. A kan kowanne su amsa: wa ke magana, yaushe ya faɗa, ganau ne ko jiyau, me zai samu ko ya rasa da faɗin haka? Wannan shi ne koyar da tunani da aka nema a Rialto aka ɓata.

Sauraron makashi yana da sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa. Ana karanta shi don a gane yadda ya kai kansa can, ba a sa yaro ya rubuta da bakinsa ko ya kare shi ba. Masu musu kuwa ana nazarinsu ne kamar yadda ake nazarin farfaganda: wace dabara suke yi, me ya sa suke kama ƙaramin saɓani a lissafi su ce duka ƙarya ne, wa ke amfana.

Sai abin da malamai da yawa ke tsoro. Wani zai ɗaga hannu ya ce, “Malam, abin da ake yi a Gaza fa?” ko ya ambaci Rohingya, ko Darfur. Guje wa tambayar shi ne mafi muni, domin yara za su karanta cewa rayuka iri biyu ne a wurin malaminsu. A mayar da su kan allo, kan ayyuka biyar da niyya. A gaya musu Gambiya ta kai ƙarar Myanmar kotun duniya a 2019, Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila a Disamba 2023, malami kuma ya bincika inda shari'o'in suka kwana kafin ranar darasin, ya faɗi abin da kotu ta yanke da abin da ba ta yanke ba tukuna. Ya bar su su yi aiki da ma'aunin da ya ba su. Abin da ba zai bari ba shi ne a ɗora laifin wata gwamnati a kan dukan mabiya wani addini, ko a ce wahalar wasu ta goge ta wasu.

“Wannan fama tsohon miki ne”

Hujja ce mai nauyi, musamman inda jikokin wanda aka kashe da jikokin wanda ya kashe ke zaune a benci ɗaya. Masu ita kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ruwanda kanta ta dakatar da koyar da tarihin ƙasar a makarantu na tsawon shekaru bayan 1994 saboda wannan tsoro. Sai dai shirun makaranta ba ya hana a yi magana a gida, kuma a gida kowa rabin labari yake bayarwa. Mikin da ba a duba ba ma ba ya warkewa don an daɗe. Kisan da sojojin Jamus suka yi wa Herero da Nama a Namibiya ya faru tsakanin 1904 da 1908, gwamnatin Jamus ba ta kira shi da sunansa a hukumance ba sai a 2021, kuma jikokinsu ba su manta ba ko na shekara ɗaya.

Maganin yana cikin harshen malami. Kada ya ce “Hutu sun kashe Tutsi” ko “Jamusawa sun kashe Yahudawa” ya tsaya. Ya ambaci su wa: sojoji, 'yan bangar Interahamwe, jami'an da suka rubuta sunaye, da talakawan da suka bi su. Ya faɗa cewa cikin waɗanda aka fara kashewa ranar 7 ga Afrilu akwai firaminista Agathe Uwilingiyimana, wadda Bahutuwa ce. Laifi na mai shi ne, ba a gadonsa.

Kada kuma ya juya ga wani yaro ya ce, “Kai da kake ɗan ƙabilar, gaya mana.” Yaro ba wakilin kowa ba ne. In akwai tarihin da ya shafi 'yan ajin kai tsaye, a fara da na nesa, su koyi kalmomin da ƙa'idojin magana a kan abin da ba ya ƙona su, sannan a matso.

Wasan kwaikwayo: a'a

Ana yawan jarabtar malami mai himma da ya raba ajin gida biyu, wasu masu gadi wasu fursunoni, ko ya cusa yara a lungu don su ji yadda taragon jirgin ƙasan da aka riƙa kwasar Yahudawa zuwa sansani yake. Cibiyoyin da suka daɗe a wannan fanni, irin su gidan tarihin Holokost (kisan kiyashin Yahudawa) na Washinton, sun yi gargaɗi a kan haka, kuma suna da dalili. Waɗanda aka ba iko suna jin daɗinsa. Wanda aka sa a matsayin wanda ake zalunta sau da yawa shi ne dama ake tsangwama a waje. Sauran kuma su fita suna cewa yanzu sun san yadda abin yake, bayan minti ashirin da suka san ƙararrawa za ta tashe su. A 1967 wani malamin tarihi a Kalifoniya ya gwada kafa ƙungiya irin ta 'yan Nazi a ajinsa don ya nuna yadda take kama mutane, cikin mako guda abin ya fi ƙarfinsa, dole ya rushe ta.

Haka nan kada a zana jadawalin wa ya fi shan wuya. Ana iya kwatanta yadda aka yi amfani da jarida a nan da rediyo a can. Ba a kwatanta zafi.

Masu ceto, daidai gwargwado

Yara suna buƙatar su ga cewa an samu waɗanda suka ƙi. Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal a tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya riƙa kwasar mutane kaɗan-kaɗan a motarsa yana ratsa shingayen Kigali da baki da lallami, ba da bindiga ba, har aka kashe shi ranar 31 ga Mayu 1994. A Oktoba 1943 mutanen Denmak sun tsallakar da Yahudawa kusan 7,000 zuwa Suwidin a jiragen kamun kifi. Wanda ya fi kusa da shekarun ɗaliban shi ne na makarantar sakandaren Nyange a Ruwanda: a Maris 1997 'yan bindiga suka shiga suka ce Hutu su ware gefe, Tutsi gefe, ɗaliban suka ƙi, suka ce dukkansu 'yan Ruwanda ne. An kashe wasu daga cikinsu.

Amma darasi ɗaya cikin takwas ya isa. Idan masu ceto suka cika labarin, yaro zai ɗauka su ne suka fi yawa, kuma kowa a ajin zai tabbatar wa kansa cewa da yana nan da shi ma gwarzo ne. Mafi yawan mutane kallo suka yi, kuma tambayar da ta fi amfani ga ɗan shekara 13 ita ce me ya sa.

Abin da malami zai shirya

Darasi ɗaya ranar tunawa, 27 ga Janairu ta Holokost ko 7 ga Afrilu ta Ruwanda, bai isa ba, yana buɗe ƙofa ne ya tafi ya bar ta. Darasi takwas masu minti 40 sun fi dacewa: ɗaya na ma'ana, ɗaya na rayuwa kafin bala'in, uku na hanyar tare da kundin haƙƙoƙi, ɗaya na shaidu, ɗaya na masu ceto da 'yan kallo, ɗaya na shari'a da musu. Misali ɗaya a zurfafa, na biyu don kwatance. Biyar a mako biyu yawon buɗe ido ne a maƙabarta.

Mako biyu kafin a fara, a aika wa iyaye takarda mai bayanin abin da za a koyar da abin da ba za a nuna ba, a nemi su sanar a asirce idan akwai yaron da ya tsere wa yaƙi ko ya rasa wani a rikici. Irin wannan yaro a ba shi damar fita ba tare da neman izini a gaban jama'a ba. A ajiye akwatin tambayoyi marar suna a bayan aji. Duk bidiyon da za a nuna, malami ya kalle shi tukuna daga farko har ƙarshe, kuma kada ya wuce minti biyar. Minti goma na ƙarshen kowane darasi a bar su don rubutu cikin shiru ko tambaya, kada ƙararrawa ta kama su a tsakiyar shaidar wata uwa su fita zuwa darasin motsa jiki.

In wani ya yi dariya ko ya ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi, a dakatar da shi nan take da murya a kwance, a yi maganar da shi shi kaɗai bayan darasi. Sau da yawa ruɗewa ce, wani lokaci kuma abin da ya kwaso ne a intanet, kuma malami na buƙatar sanin wanne ne. A jarrabawa kada a ce ya rubuta wasiƙa a matsayin wanda ke cikin sansani. A ba shi takarda ɗaya ta tarihi da bai taɓa gani ba, ya faɗi wa ya rubuta ta, wane mataki take nunawa, wane haƙƙi ta take.

Wata rana kuma wani zai ce, “Babana ya ce ƙarya ce.” Kada a kunyata shi, kada kuma a ce ra'ayin babansa ne. A ce masa tambayar yadda aka sani tambaya ce mai kyau, sannan a ajiye masa hujja a gabansa. Akwai, misali, saƙon wayar tangarahu da wani jami'in Nazi mai suna Hermann Höfle ya aika wa na gaba da shi ranar 11 ga Janairu 1943. Turawan Ingila sun tare saƙon a lokacin, ya kwanta a ma'ajiyar takardunsu har aka gano shi a shekarar 2000. A ciki ya lissafa mutanen da aka kai sansanoni huɗu a Polan zuwa ƙarshen 1942, sansani bayan sansani, ya haɗa jimilla: 1,274,166. A ba yaron kwafin, ya karanta lissafin da kansa, sannan a tambaye shi wa ya rubuta, kuma wa aka rubuta wa.